3.2 Ann Chiejine: Daga Tsaron Gida Zuwa Horar da 'Yan Wasa

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. Duk wanda zai yi nazarin tarihin ƙwallon ƙafa na mata a Nijeriya, ba makawa sai ya ci karo da sunan Ann Chiejine. A wannan sashe za a dubi rawar da ta taka a matsayin mai tsaron gida, sa'an nan a matsayin mai horarwa. Manufar ita ce a nuna cewa yawan ƙwallayen da aka jefa a ragar mai tsaron gida bai isa ya zama ma'aunin ƙwazonta ba, sai an haɗa da halin da ƙungiyarta take ciki.

An haifi Ann Chiejine a shekarar 1974. Tana da shekara 17 aka tafi da ita ƙasar Sin a 1991, inda aka yi gasar cin kofin duniya ta mata karo na farko. Nijeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka. Jamus ta doke ta da ci 4 da nema, Italiya ta yi mata 1 da nema, Taiwan kuma 2 da nema. A gasar 1995 a ƙasar Suwidin, Norway ta zuba mata 8, aka yi kunnen doki 3 da 3 da Kanada, sai Ingila ta yi nasara da ci 3 da 2.

Idan aka tsaya a kan waɗannan alƙaluma, sai a ɗauka tsaron gidan ne ba shi da kyau. Amma a daidai wannan zamani babu ƙasar da take iya tsayawa gaban Nijeriya a Afirka. A gasar mata ta Afirka da aka yi a Kaduna da Abeokuta a 1998, ba a jefa ko ƙwallo ɗaya a ragar Nijeriya ba, har ta doke Gana da ci 2 da nema a wasan ƙarshe. Wannan ya nuna cewa matsalar ta tazara ce. Mai tsaron gidan da ba ta cika samun aiki a wasannin Afirka ba, ita ce za ta wayi gari a gaban 'yan wasan Turai waɗanda suka saba da gasa mai tsari.

Shekarar 1999 ita ce ƙololuwar wasanta. A gasar duniya da aka yi a Amurka, ƙarƙashin mai horarwa Ismaila Mabo, mutumin Jos, Nijeriya ta doke Koriya ta Arewa 2 da 1, ta sha kashi a hannun Amurka 7 da 1, sa'an nan ta doke Denmark 2 da nema, ta shiga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. A nan ne Brazil ta jefa ƙwallo uku tun kafin a je hutun rabin lokaci, aka cire Chiejine aka sa Judith Chime. Nijeriya ta farke duka ukun, amma Sissi ta raba gardama a cikin ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. Mai yanke hukunci da wannan rana kaɗai bai yi mata adalci ba, domin da tsaronta aka kai ga wannan mataki, wanda har zuwa gasar 2023 Nijeriya ba ta sake kaiwa ba. A shekarar 2000, wadda Nijeriya ta halarci wasannin Olamfik na Sydney, ta tsare gida tana da juna biyu.

Bayan ta daina wasa sai ta koma horarwa. A 2016 tana cikin mataimakan Florence Omagbemi, tsohuwar abokiyar wasanta, lokacin da Nijeriya ta ci kofin Afirka a Yawunde bayan ta doke Kamaru 1 da nema. Sai dai da suka dawo gida, 'yan wasan sun ƙi barin masaukinsu a Abuja saboda ba a biya su haƙƙinsu ba. A 2020 kuma, da aka ɗauko Randy Waldrum daga Amurka, ita aka naɗa mataimakiyarsa.

Daga abin da ya gabata za a fahimci abu biyu. Na farko, Chiejine ta kasance gada tsakanin 'yan wasan 1991 da waɗanda suka biyo baya, domin abin da ta koya a hannun Norway da Brazil shi ta isar ga na ƙasa da ita. Na biyu, ƙarancin kulawar da ya sa ƙungiyar ta sha wuya a waje tana matashiya, shi ta sake tararwa a 2016 tana mai horarwa. Ashe ke nan, gyaran da ake bukata ya wuce bakin raga.