Zuwa Kallo: Tarihin Cin Sallah a Birni ga Mutanen Karkarar Arewacin Kano

Ƙaramar Sallar 1995 ta faɗo a farkon watan Maris, hutun gwamnati ya haɗe da Asabar da Lahadi, sai ni da wani abokina muka ga babu abin da zai zaunar da mu a ƙauye. Muka sallaci Idi a gida, washegari da sassafe muka taka zuwa bakin titi muka hau motar da ta taso daga Dambatta. Guzurinmu kuɗin gyaɗar da ya sayar ne da kuɗin wani ɗan akuya nawa. Kwana uku muka yi a zauren wani ɗan garinmu mai sayar da itace. Muka ga Hawan Daushe, muka ga Hawan Nassarawa, muka hau Dala, muka shiga gidan zu, aka kuma yanke wa abokina aljihu a turmutsutsun Ƙofar Kudu, har sai da mai masaukinmu ya cika mana kuɗin motar komawa. A lokacin gani muke yi mun yi wata bajinta. Sai daga baya na fahimci cewa sawun kakanninmu muka bi, kuma tafiyar tana da tarihin da ya cancanci a bi diddiginsa.

Ƙasar da muka fito tana cikin karkara mai tsananin cunkoson jama'a a wannan yanki na Afirka. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Dawanau zuwa Bichi, zai ga gona na bin gona babu saura, gidaje a warwatse a tsakanin ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya. Masanin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa sun wallafa nazari a kan wannan karkara a 1965, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne yadda ake noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar shi ya huta ba. Sirrin yana bayan jaki. Da rani jakuna kan shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da mangala cike da taki da tokar gidajen birni, a zube a gonaki kafin faɗuwar damina. Ke nan mutumin ƙauyukan da ke kusa da ganuwa ya san Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Dawanau tun yana yaro mai kora jaki. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce kuma adadin kan ninka a watannin rani saboda baƙi.

Amma zuwa kasuwa daban, zuwa kallo daban. Mai jaki yakan shiga da hantsi ya fito kafin la'asar, idonsa na kan kayansa. Mai zuwa kallo kuwa sabuwar riga yake sawa, ya tafi ba da kaya ba, ya kashe kuɗi ya dawo da labari. Abin da ya fara jawo irin wannan tafiya shi ne hawan Sallah.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta yawancin kayan alfarmar sarauta, irin su kakaki da figini da takalmin gashin jimina, ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda kuma ya gina fadar da ake zaune a ciki har yau. Lifidi da sulke da kwalkwali sun riga shi, tun zamanin Kanajeji. Duk wanda ya tsaya ya dubi 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan bindiga suna wucewa, ya san asalin abin duba rundunar yaƙi ne: sarki yana ƙidaya dawakinsa, masu sarauta suna jaddada mubaya'a da jafi. Mutanen arewacin Kano kuwa sun san yaƙin da idonsu. A farkon mulkin Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846), Ɗan Tunku, wanda ya yi zama a Dambatta kafin Kazaure ta tabbata a hannunsa, ya hana wannan yanki sakat. Saboda shi ne Dabo ya riƙa zama a Fanisau, kuma a can ne Baturen Ingila Hugh Clapperton ya same shi a 1824. Hawan Fanisau da ake yi bayan babbar Sallah ragowar wancan zamani ne, kuma shi ne hawan da sarki da kansa yake fitowa ya nufo arewa, mutanen Ungogo da kewaye su yi kallo a ƙofar gida.

Sai dai a ƙarni na 19 hawan bai bukaci kowa ya taso daga nesa ba, domin hakimai a cikin birni suke zaune. Kowane mai sarauta yana da garuruwansa a warwatse, jakadu ne ke kai da kawowa suna karɓo kuɗin ƙasa. Talakan Kunchi ko Tsanyawa yana iya tsufa bai taɓa ganin fuskar hakiminsa ba. A ganina babban juyin ya zo ne bayan Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Cikin 'yan shekaru, zamanin Sarki Abbas da Razdan Cargill, aka harhaɗa garuruwa aka yi gundumomi, aka umarci hakimai su fita su zauna a cikinsu. Madaki ya tare a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Dambatta, Bichi kuwa ta zama mazaunin Ciroma Abdullahi Bayero kafin ya hau gadon sarauta a 1926. Turawa sun yi haka ne don sauƙin tara haraji, ba su yi tunanin biki ba. Amma da hakimi ya koma ƙauye, sai ya zama wajibi ya shigo birni sau biyu a shekara don hawa, kuma hakimi ba ya tafiya shi kaɗai. Dagatai na biye da shi a kan dawakai, ga zagage, ga makaɗa da maroƙa, ga masu yankan ciyawa da masu ɗaukar buhunan dawar doki. A bayan ayarin kuma ga samarin gari, waɗanda babu wanda ya gayyace su, sun bi ƙura kawai don su je su gani. Daga Dambatta tafiyar kwana biyu ce a ƙafa. Tsofaffin garinmu da suka yi ta suna ƙuruciya sukan ce ba su ji nisanta ba sai a dawowa.

Wannan ne ya sa kallon mutumin karkara ya bambanta da na ɗan birni. Ɗan birni hawa yake kallo gaba ɗayansa. Mu kuwa jira muke yi a cikin rana har ayarin hakiminmu ya ɓullo, mu gane dokin dagacinmu, mu gane makaɗin da muka saba gani a bikin aure, mu yi ta kururuwa kamar mu ne a kan sirdi. Idan ayarin wata gunduma ya fi namu ado, maganar takan kai wata guda ana yinta a dandali.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ba a cika faɗa ba idan ana yabon al'ada. Alkyabba da jalala da dawar da dokin ya ci, daga gonakin nan suka fito. Kafin Sallah akan bi gari a tara gudummawar hawa, kuma ba kowa ke bayarwa da son ransa ba. Irin waɗannan karɓe-karɓe na cikin abin da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta riƙa kai ƙara a kansu gaban talakawa, kuma ba banza ba ta sami kunnuwan saurare a karkara. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Saboda haka manomin da ya tsaya a Ƙofar Kudu yana tafi, dukiyarsa ce ke wucewa a gabansa, ko ya lura ko bai lura ba. Ina zaton da yawa sun lura, suka kuma yi tafin duk da haka, domin abin yana da kyau.

Hawan Nassarawa ma ɗan zamanin Turawa ne: sarki ya fita bayan ganuwa ya gaida Razdan, yau kuma gwamna, sa'an nan ya ratsa unguwannin baƙi a hanyar komawa. Ga mai zuwa kallo wannan hawa ya buɗe wata Kano ta biyu, ta wajen badala, inda sababbin abubuwan mamaki suka yi ta taruwa. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912, shekarar da cinikin gyaɗa ya ɓarke. Jiragen sama na farko sun sauka a 1925, shekarar da aka yi wa Yariman Ingila babban hawa. A farkon shekarun 1930 aka kawo famfo da lantarki. A 1951 aka buɗe sabon ginin babban masallacin Juma'a mai hasumiya biyu. Sannan ga dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi. Kakana yakan ce ya tsaya gabanta ya yi ta tunanin ko wane buhu ne nasa. Zamanin Gwamna Audu Bako (1967–1975) aka ƙara da gidan zu, wanda ya zama dandalin yaran Sallah, na birni da na ƙauye. Duk wanda ya koma gida bai ga zaki ba, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka je Kano.

Kalmar hutun ƙarshen mako, ya kamata a faɗa, baƙuwa ce a gona. Manomi da ranakun kasuwa yake ƙidaya mako, kamar Lahadin Dambatta, sai kuma Juma'a. Abin da ke ba shi hutu ko ya hana shi damina ce. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, Sallah takan zagaya dukkan yanayi cikin shekara 33 ko kusa da haka. In ta faɗo da rani, amfanin gona na rumbu, kuɗin gyaɗa na aljihu, ga 'yan cin rani da ke birni a shirye su ba da masauki, ƙauye yakan kusa zama wayam. In ta faɗo tsakiyar noman farko, sai dai a sallaci Idi a ci tuwo, washegari a ɗauki fartanya. Don haka akwai tsarar da ta yi samartakarta Sallah na zuwa da rani, ta san birni ciki da bai, akwai kuma wadda ta tashi Sallah na zuwa da damina, ba ta samu wannan rabo ba sai da girma ya kama ta. Mu mun dace. Mata kuwa rabonsu a wannan tafiya kaɗan ne: yarinya takan je tare da yayyenta, amma da zarar an ɗaura mata aure sai dai ta ji labari a bakin ƙannenta.

Birni bai taɓa karɓar waɗannan baƙi da cikakkiyar girmamawa ba. Kalmar baƙauye ta ishi shaida, da tarin barkwancin da ake yi a kan wanda ya ga fitilar titi ya tsaya, ko ya cire takalmi zai shiga mota. Mun sha namu. Wani yaro mai sayar da rake a gindin Dala ya dube mu sau ɗaya ya ce, "Malamai, yaushe aka shigo?" Abokina ya ce da shi, "Tun ran da aka kawo dawar da ka ci jiya." Daga kan dutsen kuwa, in ka juya arewa, birnin yakan ƙare ne a cikin gonaki, ka ga hanyoyin da suka kawo ka sun miƙe kamar zare.

Shekarun baya-bayan nan sun girgiza wannan tsohuwar tafiya fiye da duk abin da ya gabata. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta raba masarautar Kano biyar, yawancin ƙasar arewa ta koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Bichi, aka ce hakimai su yi hawa a can. Hanyar da ayari ya saba bi fiye da shekara 100 ta juya. Wasu sun yi murna da hawa ya zo kusa da gida, masu abinci da masu haya a Bichi sun samu ciniki. Wasu kuwa sun ce hawan da babu Ƙofar Kudu a cikinsa bai cika ba. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A watan Mayun 2024 aka soke dokar masarautun, aka mayar da Muhammadu Sanusi II, Aminu Ado Bayero bai sauka daga da'awarsa ba, rigima ta koma kotu. 'Yan sanda suka hana hawan babbar Sallar 2024, haka kuma Sallolin 2025. A tsakiyar wannan, cikin Disambar 2024, hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. An karrama abin a takarda a daidai lokacin da dawakin ke ɗaure a turke, masu ɗinkin kayan doki da makaɗa da masu kiwon dawakin haya suna lissafin asara.

Samarin garinmu ba su daina zuwa ba. Tafiyar da ta ci wa kakanninmu kwana biyu yanzu ba ta kai awa biyu ba, suna zuwa su ɗauki hoto a kan gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, su zaga manyan kantuna, su shiga gidan zu, su dawo a ranar. Bayan ƙaramar Sallar 2025 na kira abokin nan nawa, wanda yanzu yake da jikoki, na tambaye shi ko ya shiga birni. Ya ce babban ɗansa ya je da abokinsa, sun dawo da hotuna cike da waya, ya karɓa ya duba ɗaya bayan ɗaya, bai ga doki ko ɗaya ba.