Zanen Royce da Rigimar Ajin Kasuwanci

Duk ɗalibin da ya shiga ajin gudanar da ayyuka a digiri na biyu na fannin kasuwanci, akwai wani zane da ba zai fita bai gani ba. Akwatuna ne a jere kamar matakala: a tantance abin da ake buƙata, a tsara, a gina, a gwada, a miƙa wa mai aiki. Ana kiransa tsarin magangara, domin aikin gangarowa yake kamar ruwa daga kan dutse, ba ya komawa baya. A gefensa malami zai zana da'ira, ya ce ga sabon tsari, Agile, na masu zafin nama: a yi kaɗan, a nuna wa mai aiki, a gyara, a sake zagayowa. Sai ɗalibi ya tashi da zaton tsoho da sabo ne suka kara, sabo ya yi kaye. Tarihin bai tafi a miƙe haka ba.

Kayan aikin da ake kira na gargajiya ba a duniyar kwamfuta aka haife su ba. A shekarun 1910 injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa jadawalin nan mai layuka a kwance, wanda ke nuna ranar fara kowane aiki da ranar gama shi. A 1957 kamfanin DuPont ya fito da dabarar gano jerin ayyukan da, in ɗayansu ya makara, dukkan aikin ya makara. A 1958 rundunar sojan ruwan Amurka ta ƙirƙiro PERT domin ƙera makami mai linzami na Polaris. Ko a nan ma akwai ƙura: Harvey Sapolsky, wanda ya nazarci aikin ya fitar da littafi a 1972, yana ganin babban amfanin PERT shi ne burge 'yan majalisa da manyan gwamnati, su ƙyale injiniyoyi su yi aikinsu. Duk da haka dabarun sun dace da gada da masana'anta, inda in an zuba kankare ta bushe, gyara sai da guduma.

Matsala ta taso da aka kwaso wannan tunani aka ɗora wa manhaja. A 1970 Winston Royce, wanda ya daɗe yana aikin manhajojin kumbo, ya gabatar da wata takarda kan gudanar da manyan ayyukan manhaja. A farkonta ya zana matakalar nan. Nan take kuma ya yi gargaɗi cewa bin ta haka kawai kasada ce mai jawo faɗuwa, domin gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da kuɗi da lokaci sun riga sun ƙare. Sauran takardar duk magani ne: a yi aikin sau biyu, na farko ya zama gwaji, kuma a jawo mai aiki ciki tun da wuri. Ko sunan magangara ba shi ya raɗa ba, daga baya wasu suka laƙaba. An ɗauki zanen, an bar gargaɗin. Zuwa 1985 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar da 'yan kwangilarta suka fahimta a matsayin umarnin bin wannan matakala.

Shi kuwa sabon tsarin da ake ce wa na 'yan kwamfuta, saiwarsa ɗaya daga malaman kasuwanci ta fito. A 1986 Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka na Jami'ar Hitotsubashi a Japan suka wallafa maƙala a mujallar Harvard Business Review. Sun duba yadda kamfanoni irin su Honda da Canon da Fuji-Xerox suke ƙera mota da kyamara da injin kwafi, suka ga ba tseren miƙa sanda ake yi ba, inda wani sashe zai gama ya miƙa wa na gaba. Tawaga ɗaya ce ke tafiya tare, kamar 'yan ƙwallon zari-ruga. Daga wannan kwatance Jeff Sutherland da Ken Schwaber suka ɗauko sunan Scrum, suka gabatar da shi a 1995. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah, suka rubuta 'yar gajeriyar sanarwar da ta ba tafiyar suna.

Wannan ba musun malamai ba ne kawai, kuɗin jama'a ne a tsakiya. Hukumar FBI ta kashe kusan dala miliyan 170 kan manhajar ajiye bayanan bincike, ta watsar da ita a 2005 ba ta more ta ba. Wadda ta gaje ta, Sentinel, ita ma ta maƙale, sai da hukumar ta karɓe ragamar a 2010 ta koma yin aikin gutsure-gutsure, aka ƙaddamar a 2012. Masu sa hannu a irin wannan kwangila yawanci ba injiniyoyi ba ne; irin ɗaliban ajin nan ne bayan sun zama manajoji.

Cibiyar PMI, wadda aka kafa a 1969 kuma littafinta ya zama jagora ga malamai da dama, ta daɗe kafin ta sassauto. A 2017 ta haɗa bugu na shida da wani ɗan littafi kan Agile, a 2021 kuma bugu na bakwai ya bar jera matakai ya koma ga manufofi. A ganina wahalar da ta rage ta ajin ce da kansa. Jadawalin Gantt yana koyuwa a allo, yana kuma jarrabuwa a takarda: ga ayyuka goma, fitar da ranar gamawa. Zafin nama kuwa sai an yi, shi ya sa za ka iske manyan mutane masu neman digiri na biyu suna harhaɗa bulon roba na Lego, malami yana canza musu buƙata ana tsakiyar gini. Ga shi zangon karatun kansa magangara ce: an rubuta manhajar darasi tun kafin ɗalibai su iso, jarrabawa kuma tana can ƙarshe, daidai inda Royce ya ce kada a ajiye gwaji.