Bankin da Ya Mutu Sau Biyu: Bashi, Haraji da Adalci a Farkon Tarihin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun yadda Amurka ta tashi daga ƙasar da takardun kuɗinta suka mutu murus a 1781, har ta kai matsayin da bankunan Landan da Amsterdam suka tsaya mata wajen sayen yankin Louisiana a 1803. Hujjar da take kafawa ita ce, tsarin da Alexander Hamilton ya shimfiɗa ya ci nasara a kasuwa, amma bankin da ke tsakiyarsa ya faɗi sau biyu a fagen siyasa, saboda waɗanda suka ɗauki nauyin tsarin daban, waɗanda suka fara cin moriyarsa daban.

Kuɗin da babu haraji a bayansa

Sa'ad da yankuna goma sha uku da Birtaniya ke mulka a gaɓar Tekun Atlantika suka ɗauki makami a 1775, ba su da baitulmali na bai-ɗaya, ba su da banki ko guda. Majalisar da wakilansu suka kafa a Filadelfiya ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji. Iyakarta ta roƙi jihohi su aiko da gudummawa. Abin da ya rage mata shi ne buga takardun kuɗi. Ta fara da dala miliyan 2 a watan Yuni na 1775, kafin ƙarshen 1779 ta buga sama da miliyan 200. A watan Maris na 1780 Majalisar da kanta ta sanar cewa sai an kawo dala 40 ta takarda kafin a daidaita ta da dala 1 ta azurfa, shekara guda bayan haka kuwa babu mai karɓarta a kasuwa.

Yawan bugawa ya taimaka wajen wannan rugujewa, amma tushen cutar ya fi haka zurfi. Takardar kuɗi alkawari ce, darajar alkawari kuma tana ga ƙarfin mai cika shi. Gwamnatin da ba ta iya tara haraji ba ta da abin da za ta fanshi takardunta da shi, kuma kowa ya san haka. Sau biyu aka nemi a ba Majalisa ikon karɓar kashi 5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su, sau biyu jiha ɗaya tak ta tsaya a hanya: Rhode Island a karon farko, New York a na biyu. Robert Morris, wanda aka damƙa wa harkar kuɗi a 1781, ya kafa Bankin Arewacin Amurka, aka buɗe shi a Filadelfiya a farkon 1782, amma banki ɗaya bai isa ya cike gurbin haraji ba.

Talaka ne ya ji wannan a jikinsa. An sallami sojojin da suka yi yaƙin 'yanci da takardun shaidar bashi maimakon albashi. Da yunwa ta matsa, da yawansu suka sayar wa dillalai a wulaƙance, sau da yawa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta a jiki. A Massachusetts gwamnatin jiha ta ƙara haraji don biyan bashinta, ta ce a biya da tsabar azurfa ko zinariya, abin da manomin karkara ba ya gani a hannunsa. Da kotuna suka fara ƙwace gonaki, manoma suka yi bore a 1786 ƙarƙashin Daniel Shays, wani tsohon hafsan soja. Tsoron da wannan bore ya jefa a zukatan masu dukiya yana cikin abubuwan da suka gaggauta taron da ya rubuta Kundin Tsarin Mulki a 1787, kundin da ya ba gwamnatin tarayya ikon haraji da cin bashi da buga tsabar kuɗi, ya kuma hana jihohi fitar da takardun kuɗi nasu.

Yadda Hamilton ya mai da bashi jari

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta Hamilton da sauran 'yan siyasar zamaninsa shi ne yadda ya fahimci cewa bashin ƙasa, in ana biyan ruwansa a kan lokaci, yakan koma dukiyar da ake saye da sayarwa da jinginarwa. Shugaba George Washington ya naɗa shi Sakataren Baitulmali a watan Satumba na 1789, a watan Janairu na 1790 ya miƙa wa Majalisa rahotonsa. Ya ƙiyasta bashin tarayya a kusan dala miliyan 54, na jihohi kuma kimanin miliyan 25. Shawararsa ita ce a karɓi tsofaffin takardu a ba da sababbi, tarayya ta ɗauke wa jihohi bashin yaƙi, a kuma keɓe kuɗin fito don biyan ruwa.

Manufarsa ta siyasa a fili take. Attajirin da gwamnatin tarayya ke riƙe da kuɗinsa ba zai so ta rushe ba. Ɗauke bashin jihohi zai juyo da fuskar masu hannu da shuni daga majalisun jihohinsu zuwa cibiya. Jihohi irin su Virginia, da suka riga suka biya kaso mai yawa na nasu bashin, sun ga za a sa su biya wa Massachusetts da South Carolina. Sai da aka yi sulhu a tsakiyar 1790 tsakanin Hamilton da Thomas Jefferson da James Madison: Kudu ta sassauta a kan bashi, aka yarda a kai babban birni bakin kogin Potomac bayan shekara goma a Filadelfiya. Dokar watan Agusta na 1790 ta amince tarayya ta ɗauki bashin jihohi har dala miliyan 21.5.

Banki ya zo ya ɗaure tsarin. Dokar da Washington ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 1791, ta kafa Bankin Amurka da jarin dala miliyan 10 da lasisin shekara 20. Gwamnati ta riƙe kashi ɗaya cikin biyar, sauran ya tafi hannun 'yan kasuwa, kowane hannun jari a kan dala 400. Hikimar tana cikin yadda ake biya: kashi ɗaya cikin huɗu da tsabar zinariya ko azurfa, kashi uku da sababbin takardun bashin gwamnati. Duk mai son shiga banki sai ya nemi takardun, farashinsu ya tashi. Bankin ya dogara da su ya fitar da takardun kuɗi da gwamnati ke karɓa a matsayin haraji. Gwamnati kuma ta sami wurin ajiya da wurin rance. A 1792 aka kafa gidan buga tsabar kuɗi, aka tsayar da dala bisa awon kuɗin azurfa na Sifaniya da mutane suka saba da shi.

Jefferson ya ce Kundin Tsarin Mulki bai ambaci kafa banki ba, don haka Majalisa ba ta da hurumi. Hamilton ya amsa cewa wanda aka ba ikon haraji da cin bashi an ba shi hanyoyin da suka dace da aiwatar da su. Nasarar tsarin ba ta da ja. Jefferson da kansa, yana shugaban ƙasa, ya sayi Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, mafi yawansu ta hanyar takardun bashi da gidan Baring na Landan da gidan Hope na Amsterdam suka karɓa. Da ba a gina wannan amana ba, da cinikin bai yiwu ba.

Wa ya biya?

A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya. A watan Fabrairu na 1790 Madison ya nemi a bambanta tsakanin wanda aka ba takarda tun farko da wanda ya saya daga baya, a raba biyan yadda tsohon soja zai sami wani abu. Hamilton ya ƙi, kuma hujjarsa tana da ƙarfi: in mai saye ba shi da cikakken haƙƙi a kan abin da ya saya, takardar ba za ta taɓa zama abin ciniki ba, bin sawun hannayen da kowace takarda ta ratsa kuwa aiki ne da ba zai ƙare ba. Majalisar Wakilai ta yi watsi da shawarar Madison da babban rinjaye. A fannin kasuwa Hamilton ya yi daidai. Sai dai ba a yi wa waɗanda suka yi asara wani tanadi ta wata hanya ba, alhali dillalan da suka ji ƙishin-ƙishin shirin sun bazama zuwa Kudu suna saye a hannun waɗanda labari bai kai musu ba.

Daga nan aka zo kan haraji. Kuɗin fito bai isa ya biya ruwan bashin da aka ƙaro ba, sai aka ɗora haraji a kan giyar wuski a 1791. Manoman yammacin Pennsylvania suna dafa hatsinsu ya zama wuski ne saboda tsallaka duwatsun Appalachia da buhuna ya fi ƙarfin ribarsa, kuma da ita suke musayar kaya a inda tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. Dokar ta fi sauƙi ga manyan masu dafawa, wanda ya saɓa mata kuma sai ya yi doguwar tafiya zuwa kotun tarayya a Filadelfiya. Da suka yi tawaye a 1794, Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000. Manomin da ya sayar da takardarsa a araha, shi aka sa ya biya haraji don a ba wanda ya saye ta cikakken ruwa. Ƙari a kan haka, William Duer, tsohon mataimakin Hamilton a Baitulmali, ya ci bashin jama'ar New York yana cacar takardu, ya karye a watan Maris na 1792, ya jawo rikicin kasuwa, ya ƙare rayuwarsa a matsayin fursunan bashi. Ga wanda ke kallo daga karkara, banki da baitulmali da dillalai gida ɗaya ne.

Mutuwa ta farko da ta biyu

Masana tarihin tattalin arziki sun yarda cewa an tafiyar da Bankin Amurka na farko cikin natsuwa. Albert Gallatin, Sakataren Baitulmali na Jefferson da Madison, ya nemi a sabunta lasisinsa. Duk da haka a 1811 ya faɗi da ƙuri'a ɗaya a Majalisar Wakilai, 65 da 64. A Majalisar Dattawa aka yi kunnen doki, 17 da 17, Mataimakin Shugaban Ƙasa George Clinton ya raba gardama da ƙin amincewa. Bankunan jihohi na son su gaji kasuwarsa, mafi yawan hannun jarinsa kuma ya koma hannun baƙi, galibi Turawan Ingila, ko da yake ba su da ƙuri'a wajen zaɓen shugabanninsa. Amma waɗannan dalilai sun yi tasiri ne domin bankin bai taɓa samun gindin zama a zukatan masu zaɓe ba.

Yaƙin 1812 da Birtaniya ya nuna tsadar rashinsa. Gwamnati ta sha wuyar samun rance, a 1814 kuma yawancin bankunan ƙasar, ban da na ƙuryar arewa maso gabas, suka daina fansar takardunsu da tsaba. Madison, wanda ya yaƙi banki a 1791, shi ya sa hannu aka kafa na biyu a 1816 da jarin dala miliyan 35. Kotun Ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta tabbatar da halaccinsa a 1819 a shari'ar McCulloch da jihar Maryland. A daidai wannan lokaci kuwa bankin, bayan ya saki rance ba kai ba gindi, ya janye hannu farat ɗaya, ya ƙwace filaye masu yawa a Yamma. Aikinsa na ladabtar da ƙananan bankuna, wato tara takardunsu ya nemi a biya shi da tsaba, yana kare darajar kuɗi, amma manomi mai neman rance bai ga komai a ciki ba sai ƙuntatawa daga Filadelfiya, inda hedkwatar bankin take.

Nicholas Biddle, wanda ya karɓi shugabancin bankin a 1823, ya gyara shi, sai dai gyaran bai wanke tsohon tabo ba. A watan Yuli na 1832 Shugaba Andrew Jackson ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar sabunta lasisi, yana zargin cewa masu kuɗi na karkatar da gwamnati don amfanin kansu, kuma jama'a suka sake zaɓensa. Ya janye ajiyar gwamnati a 1833; Biddle ya rama ta hanyar matse rance don kasuwa ta ji zafi, abin da ya gaskata zargin da ake yi masa. Lasisi ya ƙare a 1836. Rikicin 1837, wanda faɗuwar farashin auduga da matsin rance daga Ingila suka taimaka wajen haddasawa, ya tarar da ƙasar babu cibiyar da za ta tare shi, kuma ba ta sake samun babban banki ba sai 1913.

Kammalawa

Akwai masu ganin abokan adawar banki jahilai ne kawai, ko masu son zuciya. Son zuciya kam akwai shi: manyan manoman Kudu da dukiyarsu ke cikin ƙasa da bayi suna tsoron gwamnatin tarayya mai faɗin iko, masu bankunan jihohi kuma kishiya suke son kawarwa. Amma waɗannan ba su isa su kayar da banki su kaɗai ba. Sun sami goyon bayan talakawa ne saboda ƙorafin talakawan na gaskiya ne. Hamilton ya gane cewa kuɗi ba ya tsayawa sai da haraji da cika alkawari, kuma tarihi ya gaskata shi. Ya gina amana tsakanin gwamnati da masu ba ta rance, ya bar ta tsakanin gwamnati da masu biyan haraji a raunane. Hukumar da ke riƙe da kuɗin al'umma tana buƙatar duka biyun, domin masu rance ne ke ba ta jari, amma masu ƙuri'a ne ke ba ta izinin ci gaba da wanzuwa. Amurka ta biya rashin amana ta biyun da shekara 77 na zama ba tare da babban banki ba, kuma waɗanda suka fi shan wuyar rikice-rikicen kuɗi na wannan tsawon lokaci su ne irin mutanen da aka yi watsi da kukansu a 1790.