Allon da ake sarrafa sabobin IReV da shi

Hoton takardar EC8A da na'urar BVAS ta ɗauka a wata rumfar zaɓe a ƙauyukan Dambatta ko Makoda ba kwamfuta guda ke karɓarsa ba. Tarin sabobi ne, waɗanda INEC ta yi haya daga Amazon Web Services, suke adana shi kafin ya bayyana a shafin IReV. Injiniyoyi ba sa taɓa su da hannu. Ta wani allon sarrafawa a intanet suke shiga da kalmar sirri, su ƙara sabobi idan cunkoso ya yi yawa, su sauya saiti, su ba wani izini ko su janye.

Kuskure ɗaya a nan yakan shafi ƙasa baki ɗaya. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon 'yan majalisa ya hau, na shugaban ƙasa ya maƙale na sa'o'i. Rahoton INEC na 2024 ya ɗora alhakin a kan kuskuren saiti. Irin wannan allo yakan ajiye tarihin wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya taɓa. Wakilin jam'iyya a Kunchi kuwa, kwafin EC8A kaɗai yake komawa gida da shi.