Roƙon Ruwa da Rabon Hatsi: Ƙungiyoyin Musulunci na Yamai a Shekarun Fari da Ambaliya

Duk shekarar da damina ta yi jinkiri a ƙasar Nijar, akwai abin da ba ya fashi: hukuma ta yi kira, limamai su yi shela, jama'a su fita filin idi su yi sallar roƙon ruwa. Wannan sunna ce tabbatacciya. Sai dai tun daga farin shekarun 1970 har zuwa ambaliyar 2024, akwai wani ƙorafi da ke bin ƙungiyoyin addinin Musulunci na birnin Yamai, wanda aka fi ji daga bakin shugabannin mata, da 'yan farar hula, da masu binciken tarihi. Ƙorafin kuwa shi ne, idan masifa ta sauka, muryar waɗannan ƙungiyoyi ta fi ƙarfi wajen neman mai zunubi a kan neman mai jin yunwa, kuma wanda ake nuna wa yatsa kusan kullum marar gata ne. Kafin a karɓi wannan zargi ko a yi watsi da shi, ya kamata a bi sawunsa cikin tarihin birnin.

Yamai gari ne da yunwa ta taimaka wajen cika shi. Lokacin da Faransawa suka mayar da hedkwatar mulkinsu can daga Damagaram a 1926, ƙaramin gari ne a bakin kogin Isa. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a ƙasar Zabarma, musamman Zarmaganda, amma Nasara bai sassauta karɓar haraji ba, sai talakawa suka yi ta kwarara zuwa sabuwar hedkwata suna neman abin sa wa bakin salati. Bayan wannan yunwa ne gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa dokar rumbunan tsimi, inda ake tilasta wa manoma su ajiye wani kaso na gero. A wancan zamani malamai ba su da wata ƙungiya. Nasu shi ne addu'a da karantarwa, taimako kuma yana bin hanyar dangi da maƙwabtaka. Ke nan tun daga farko agajin gaggawa ya zama aikin hukuma, addu'a ta zama rabon malami.

Babban fari na 1968 zuwa 1974 ya fito da illar wannan rabo fili. Makiyaya da dabbobinsu suka ƙare, yawancinsu Buzaye daga arewacin Nijar da Mali, sun taru a wani sansani a gefen Yamai da ake kira Lazaret, har yawansu ya haura dubu goma. Mishan na Katolika, a zamanin Bishop Hippolyte Berlier, yana cikin waɗanda suka fara kai musu abinci da magani, ko da yake mabiyansa 'yan kaɗan ne a ƙasar. Kusan duk mutanen sansanin Musulmi ne, amma babu wata cibiyar Musulmi ta ƙasa da ke da tsarin ciyar da su. Yau Lazaret unguwa ce babba a cikin birni, kuma da yawa daga cikin matasanta ba su san asalin wurin ba.

A ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma ɗaya daga cikin manyan hujjojinsa shi ne yadda wasu manya suka karkatar da hatsin agaji. A cikin wannan shekara aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar, wadda aka sani da AIN, wadda Alfa Oumarou Isma'il ya daɗe yana jagoranta. Ƙungiya ce da gwamnatin soja ta raina da hannunta, don ta tattara malamai wuri guda, ta kuma sa ido a kan wa'azi. Aikinta ya shafi ganin wata, da sasanta ma'aurata, da rabon gado, da kiran addu'o'in ƙasa. A waɗannan shekaru kuɗin ƙasashen Larabawa ya shigo: Libiya ta gina babban masallacin Yamai, Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuma ta gina jami'ar Musulunci a Sayi, wadda ta fara karatu a 1986. Masu suka sun ce an sami dukiyar gina hasumiya, amma ba a yi tunanin gina rumbu a gindinta ba. Da fari ya dawo a 1984, ga iyakar Nijeriya a rufe, har talakawa suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari, ma'aikatar OPVN ta gwamnati da ƙasashen waje ne suka sake ɗaukar nauyin rabon cimaka.

Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofa, ƙungiyoyin addini suka yawaita, irin su ANASI da ADINI-Islam ta 'yan Izala, kowace da masu wa'azinta. Malamai sun sami 'yancin magana da ba su taɓa samu ba, kuma a nan ne zargi mafi nauyi ya samo tushe. A daminar 1992, da ruwa ya yi jinkiri a Damagaram, wasu masu wa'azi suka ɗora alhakin a kan suturar 'yan mata, musamman gajeren siket da ake kira buje-buje. Gungun matasa suka far wa mata a kan hanya, suka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. A Yamai ma, cikin waɗannan shekaru, an tsangwami 'yan mata a kasuwa saboda tufafinsu.

Wannan ɗabi'a ta girmi ƙungiyoyin. A ƙasar Hausa an daɗe ana korar karuwai ko a tilasta musu aure idan ruwa ya ƙi zuwa. Renée Pittin ta rubuta yadda aka yi haka a Katsina a farkon shekarun 1970, Barbara Cooper kuma ta bi diddigin irinsa a Maraɗi. Abin da ya sake shi ne, abin da da sarki ke yi da shela ya koma hannun mai wa'azi da lasifika. Alhali da yawa daga cikin matan da ake kora, yunwar ce ta raba su da ƙauyukansu da mazajensu, wato an ɗauki wadda masifa ta fara ci an mai da ita sanadin masifar. A watan Nuwamba na 2000, shekarar da damina ba ta yi albarka ba, ƙungiyoyin addini sun fito da dubban mutane a Yamai don adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da Alphadi ke shiryawa. Rikicin ya kai Maraɗi, inda aka ƙona mashaya da majami'u da gidajen mata, gwamnati kuma ta rushe wasu ƙungiyoyi. Ranar ta nuna cewa malamai suna da ƙarfin cika titi idan sun ga dama. Tambayar da ta rage ita ce, a kan me suke cika shi.

Shekarar 2005 ta ba da amsa mai ɗaci. Farin dango da ɗaukewar ruwa da wuri sun rage amfanin 2004, mutane sama da miliyan uku suka shiga matsalar cimaka. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, tsada ya yi: buhun gero mai kilo 100 ya kai kimanin jika talatin a tsakiyar bazara zuwa damina, mata a ƙauyuka suka koma cin anza da tafasa. Gwamnatin Mamadou Tandja da firaminista Hama Amadou ta nace a kan sayar da hatsi da rahusa, ta ƙi rabon kyauta sai da abu ya ƙazanta. Tun a farkon shekarar ma ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da sukari da fulawa da ruwan famfo da lantarki. Waɗanda suka cika titunan Yamai a ranar 15 ga Maris, suka kuma rufe birnin bayan mako guda, 'yan ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ne a ƙarƙashin Nouhou Arzika, wato 'yan ƙwadago da 'yan farar hula.

A ƙarshen watan aka kama biyar daga cikin jagororinsu, bayan sun roƙi shugabannin addini, Musulmi da Kirista, su shirya addu'o'i don Allah ya fitar da ƙasa daga ƙunci. Gwamnati ta ɗauki wannan kira a matsayin yunƙurin tayar da ƙayar baya. Wannan lamari ya tona asirin wani abu da aka daɗe ana rufewa: hukuma na maraba da addu'ar da ke duban sama, amma tana tsoron addu'ar da ke duban kasuwa da baitulmali. A watan Agusta shugaba Tandja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa, alhali a wannan shekara likitocin MSF sun yi jinyar yara sama da dubu sittin masu tamowa mai tsanani, yawancinsu a jihar Maraɗi. A watan Disamba Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci. Ba a ga taron malamai irin na 2000 a kan yaran da ke mutuwa ko a kan masu ɓoye hatsi ba. Masu suka sun danganta haka da cewa manyan attajirai su ne ke gina masallatai suna ɗaukar nauyin wa'azi, kuma baki ba ya cizon hannun da ke ba shi.

Adalci kuwa ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Mafi yawan taimakon Musulmi ba ya shiga rahoto: zakkar gero da ake fitarwa a bakin gona, da fidda-kai, da kwanon tuwon da ake miƙa wa maƙwabci, da zauren malamin unguwa da baƙo ke kwana. Mishan yana da ofis da mota da masu aiko masa da kuɗi daga Turai, malamin zaure kuwa sau da yawa shi ma mai neman taimako ne, ga almajirai a wuyansa. AIN an haife ta ne a hannun soja, ba a koya mata ja da hukuma ba. Gwamnatin Nijar, wadda ta raba addini da mulki, ba ta kafa hukumar zakka irin wadda Kano ta kafa a 2003 ba. Ban da haka, agajin Musulmi na waje ya taka rawa: ƙungiyar AMA ta Kuwaiti, wadda Dakta Abdurrahman al-Sumait ya kafa, ta daɗe tana haƙa rijiyoyi da riƙe marayu, Islamic Relief ta shigo a 2005, Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya zo da kansa a watan Yuli na wannan shekara. Waɗannan hujjoji suna rage nauyin zargin rashin tsari, amma ba su wanke nuna wa mata yatsa ba, ba su kuma amsa tambayar shirun 2005 ba.

Mafi ƙarfin hujjar masu suka tana cikin littattafan da malaman kansu ke karantarwa. A shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, fari ya kora ƙauyawa zuwa Madina kamar yadda ya kora Buzaye zuwa Lazaret. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya aika wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi da Abu Ubaida a Sham, su turo abinci. Ya sa aka girka tukwane ana ciyar da jama'a, ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata. Ya kuma fita roƙon ruwa tare da Abbas, baffan Manzon Allah (SAW). Ba a ruwaito cewa ya kori wata mace daga gari ba. A fiƙihun Malikiyya ma, wanda shi ne mazhabar ƙasar, Muhtasar na Halil ya haɗa sallar roƙon ruwa da azumi da sadaka da tuba da mayar wa mutane haƙƙinsu, ɓoye abinci don ya yi tsada kuwa haramcinsa sananne ne. Idan har za a nemi zunubin da ke hana ruwa, littattafan sun fi nuna mai sito a kan mai gajeren zane.

A shekarun baya-bayan nan masifar ta sake fuska, ruwa ya yi yawa. Kogin Isa ya cika ya batse a 2010 da 2012, aka kwashe wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa zuwa Seno. A watan Satumba na 2020 tsayinsa ya kai mita bakwai a Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, unguwannin Harobanda suka nutse. A 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan guda, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ruwan sama mai ƙarfi, da ƙasar da ta bushe ta daina shan ruwa, da rassan kogi irin su Sirba da ke kwararo jan ruwa, da yashi da ya cike kogi, da gine-gine a kan hanyar ruwa, da magudanun da shara ta toshe. Kowane ɗaya daga cikinsu abu ne da huɗuba za ta iya taɓawa, domin babu unguwar da ba ta da masallaci, kuma babu ma'aikatar da ke tara jama'a sau biyar a rana kamarsa.

A 2019 Nijar ta yi dokar waƙafi, daga baya ta kafa hukumar ƙoli mai kula da shi, shekara 45 bayan Lazaret. Ko wannan zai haifar da rumbun da aka rasa, ya danganta ga malamai da attajiran da ke bayansu. Tarihin Yamai dai ya nuna cewa jama'a ba su taɓa ƙin fita roƙon ruwa ba, kuma masu suka ba su nemi a daina ba. Abin da suka nema shi ne limamin da zai juya mayafinsa a filin idi, ya dawo gari ya tambayi wanda ya kwana bai ci ba, ya kuma ambaci wanda ya kulle sito, ko da shi ne ya gina masa masallaci.