Lambun Tsirrai na Jami'ar Padua

Lambun tsirrai na Jami'ar Padua, a arewacin Italiya, shi ne lambun jami'a mafi daɗewa a duniya da bai taɓa barin inda aka kafa shi ba. Majalisar Dattawan Jamhuriyar Venice ce ta ba da umarnin kafa shi a 1545, a wani fili na limaman cocin Santa Giustina.

Buƙatar magani ce ta haife shi. A wancan zamani galibin magunguna daga ganye, saiwa da sassaƙe ake haɗa su, ɗalibai kuwa a littattafan magabata kawai suke karanta siffarsu. Sau da yawa akan ɗauki wani tsiro a matsayin wani, 'yan kasuwa kuma na cusa jabu, marasa lafiya su kwana a ciki. Malamin magunguna Francesco Bonafede ya nemi a samar da wurin da ɗalibi zai ga tsiro da idonsa, ya taɓa, ya shinshina, domin gani ya kori ji.

An zana lambun da'ira, da murabba'i a ciki, hanyoyi biyu suka gitta suka raba shi gida huɗu. Shugabansa na farko, Luigi Anguillara, ya tara irin tsirrai kusan 1,800. Tsadarsu ta jawo ɓarayin dare, har sai da aka kewaye wurin da katanga a 1552.

Jiragen fataken Venice sun riƙa kawo iri daga ƙasashe masu nisa, lambun ya zama ɗaya daga ƙofofin da riɗi da dankalin Turawa suka shiga Italiya. Prospero Alpini, wanda ya zauna a Masar ya bayyana wa Turai gahawa, ya shugabance shi daga 1603.

Tsiro mafi tsufa a lambun a yau wata 'yar dangin goruba ce da aka dasa a 1585. Tana cikin ɗakin gilashi nata na kanta, ganyenta a baje kamar mafici. Marubucin Jamus Goethe ya yi nazarinta a 1786. Akwai kuma wata bishiya ta 1680 mai ƙaton kogo a gindi, tana nan da ranta.

UNESCO ta sa lambun cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. A 2014 aka buɗe sababbin ɗakunan gilashi, inda aka jera tsirrai bisa yanayin ƙasashensu, daga dazuzzuka masu yawan ruwa zuwa hamada. Aikin lambun ya faɗaɗa zuwa adana irin da ke dab da ɓacewa.