Shuɗin Wakanda da Sarakunan Baba

A labarin Bayajida, da aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki, Gobir ta sami yaƙi, Katsina da Daura suka sami kasuwa, Kano da Rano kuwa aka kira su sarakunan baba. Mu 'yan ƙasar Rano da Kibiya mun fi riƙe kirarin Autan Bawo, alhali baban nan ne ya kai aikin hannunmu har cikin Sahara.

Kakana marini ne, kuma har ya rasu shuɗi bai bar faratansa ba. A bakinsa na ji yadda ake haɗa karofi: rami mai zurfi da aka shafe da laso, a zuba ruwa da toka da katsi da busasshen baba, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ya nuna. Masaƙa su kawo ƙyalle siriri, a ɗinke shi, a tsoma a fitar, a sake tsomawa har ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga su ɗora shi a kan gungume, su buga masa shuni har ya riƙa walƙiya. Kura, nan kusa da mu, ita ta fi suna a wannan aiki, shi ya sa ake cewa rawani ɗan Kura. Fatake su ɗauka sai Agadas, inda Buzaye ke naɗa shi. Da matafiyin Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, saƙa da rini ya gani a matsayin ƙashin bayan arzikin ƙasar.

A 2018 fim ɗin Amurka mai suna Black Panther ya fito. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafinsa har ta ci kyautar Oscar a 2019, ta yi wa ƙabilar 'yan kasuwar Wakanda, ƙirƙirarriyar ƙasar da ke cikin fim ɗin, shiga irin ta Buzaye. Na ji daɗi ƙwarai. Tun zamanin finafinan Tarzan ake nuna baƙar fata tsirara da mashi, yau ga shi cikin sutura ta alfarma.

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. An ɗauko bargon Lesoto, faifan leɓen Mursi na Habasha da harshen Xhosa, an zuba a tukunya ɗaya. An karrama mai naɗa rawani, ba a san da marinin da ya ɓata hannunsa ba. Mai kallo zai fita yana ganin shuɗin nan ado ne kawai na mutanen hamada, ba sana'a mai manoma da masaƙa da dillalai ba.

Ban ɗora laifin duka a kan Amurkawa ba. Tun da Jamusawa suka fara sayar da shunin kanti a 1897, ga yadin waje ya cika kasuwa, karofi ya yi ta mutuwa muna kallo. Masu shirya fim na Kano sun fi kowa kusa da Rano, kuma har yanzu akwai dattawan da za su iya nuna musu yadda ake haɗa ramin.